Ciwon Daji Da Aljihun Iyali: Wa Ke Biya, Kuma Me Ake Biya?

A 'yan shekarun nan an yi ta jin sanarwa iri-iri a kan ciwon daji. An kafa asusun tallafa wa marasa galihu, an yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya, an ƙaddamar da cibiyar kula da masu cutar a Giginyu da ke Kano a watan Janairun 2023, sannan a 2025 aka buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Duk da haka, mai sauraren gidajen rediyon Kano ba ya daɗewa bai ji ana nema wa wata baiwar Allah mai sankarar mama taimako ba, kuma mai sallah a masallatan unguwa ya saba ganin mutum ya miƙe bayan an sallame, riƙe da takardar asibiti. Wannan ne ya sa jama'a ke tambaya: idan akwai asusu, akwai inshora, akwai sababbin cibiyoyi, me ya sa har yanzu cutar ke cinye gidaje? Amsar tana cikin sanin inda kuɗin ke tafiya, domin abin da ake biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti wani yanki ne kawai na abin da iyali ke asara.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

Ciwon daji, sankara da kansa duk sunan abu ɗaya ne, wato ƙwayoyin halittar wani sashe na jiki su riƙa hayayyafa ba tsari har su mamaye maƙwabtansu. Likitoci na kasa cutar mataki huɗu. A mataki na ɗaya tana nan inda ta tsiro, a na huɗu kuwa ta riga ta yaɗu zuwa wasu gaɓoɓi kamar hanta, huhu ko ƙashi. Manyan hanyoyin magani uku ne: tiyata, da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar wanda galibi ta ƙarin ruwa ake ba da shi, da gashi, wato haska wurin da na'ura domin ƙone ƙwayoyin cutar. A bakin Hausawa kalmar majinyaci takan hau kan mara lafiya, takan kuma hau kan mai kula da shi, saboda haka a nan za a ce mara lafiya da mai jinya don kada a rikice.

Masana tattalin arzikin lafiya suna raba asarar gida uku. Akwai kuɗin magani kai tsaye, kamar gwaji, hoto, tiyata, gado da magunguna. Akwai kuɗin da ke zagaye da maganin, irin su mota, masauki da abinci. Na uku shi ne abin da aka daina samu saboda mara lafiya da mai jinyarsa sun bar sana'a. Akwai kuma ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi, wanda ya ce duk gidan da ya kashe sama da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu ko yake kashewa a kan lafiya, to ya shiga halin da kuɗin magani ke durƙusar da shi. A ɗora wannan a kan ma'aikacin jihar Kano mai mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 a wata. A shekara yana da naira 852,000, kashi 10 ɗinsa kuma naira 85,200 ne. Gwaje-gwajen tabbatar da cutar kaɗai suna iya wuce wannan kafin a ba shi ƙwayar magani ko ɗaya.

Girman matsalar

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum 127,763 ne suka kamu da cutar a Nijeriya, 79,542 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba da sama da mutum 32,000, sai ta furostet da ke kama maza da kimanin 18,000, sai ta bakin mahaifa da sama da 13,000. Idan aka gwada adadin waɗanda suka kamu da na waɗanda suka rasu, za a ga wajen mutum shida ne ke rasuwa a kan kowane goma da suka kamu, alhali a duniya baki ɗaya, inda aka samu kimanin miliyan 20 da suka kamu da miliyan 9.7 da suka rasu a wannan shekarar, rabon bai kai biyar cikin goma ba.

Abin da ke mayar da wannan lamba masifar aljihu shi ne tsarin biyan kuɗin lafiya a ƙasar. Sama da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma masu inshorar lafiya wajen miliyan 20 ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kason gwamnatin tarayya yawanci a kusa da kashi 5 yake tsayawa.

Yadda kuɗin ke zurarewa

A ɗauki misalin mace mai ɗinki a cikin gida, a Kurna ko Dorayi, wadda ta ji ƙullutu a mama. Kafin a ce mata ga abin da ke damunta sai an yi hoto, an yanki ɗan nama an kai ɗakin awo, an kuma yi wani gwajin da zai nuna irin sankarar, domin shi ne zai faɗi maganin da ya dace da ita. Bayan haka sai hoton ƙirji da na ciki don a san ko ta yaɗu. Idan aka fara kemo, yawanci duk bayan mako uku ake yi, sau shida zuwa takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. In jinin ya yi ƙasa sai a ɗaga ranar, a nemi ƙarin jini ko allurar da ke farfaɗo da shi, kuɗin motar ranar kuwa ya tafi a banza. Sai tiyata, sai gashi na kwana biyar a mako har tsawon mako uku zuwa shida, sannan wasu su ci gaba da shan ƙwaya kullum shekara biyar zuwa goma. Wadda gwaji ya nuna tana da nau'in da ke buƙatar allurar trastuzumab, wadda aka fi sani da Herceptin, za ta riƙa karɓarta duk mako uku har shekara guda, kuma tana cikin magunguna mafiya tsada a wannan fanni.

Abin lura shi ne ba a biyan wannan kuɗi a dunƙule. Da a ce sau ɗaya ne, da dangi sun haɗa hannu sun sauke nauyin. A zagayen farko 'yan'uwa kan yi karo-karo a zauren WhatsApp na gida, a na biyu a ɗauki adashi, a na uku a kai sarƙa da 'yan kunnen gwal kasuwa. Kafin a kai na biyar an taɓa abin da ke kawo abinci: keken ɗinki, firjin sayar da ƙanƙara, filin da aka saya don 'ya'ya, ko uwar kuɗin shagon maigida a Kantin Kwari. Daga nan asarar ta sauya kama, domin wanda ya sayar da gwal ajiya ya rasa, wanda ya sayar da keken ɗinki kuwa ya rasa abin da zai ci da shi shekaru masu zuwa, ko an warke ko ba a warke ba.

Canjin kuɗi ya ƙara dagula lissafin. Kusan duk magungunan sankara daga waje ake shigo da su, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. A daidai wannan lokaci aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya. Tsada takan tura mutane neman mai araha, kuma hukumar NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi a kan jabun magungunan sankara. Wasu daga cikin magungunan nan ma dole a ajiye su cikin sanyi, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a zafin Kano da ƙarancin wuta. Wanda ya sayi jabu ko lalatacce ya yi biyu babu, ga kuɗi sun tafi ga cuta ta samu lokaci.

Shekaru da dama mara lafiyar Kano da ke buƙatar gashi sai ya nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja mai nisan sama da kilomita 400, masu hali kuma su wuce Masar ko Indiya. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce wajen rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Mako biyar a garin da ba ka da kowa yana nufin hayar ɗaki, abincin mutum biyu da kuɗin zirga-zirga, kuma ba a rubuta ko ɗaya daga cikinsu a rasit ɗin asibiti.

Jinkiri ne ke ninka kuɗin

Binciken da aka yi a asibitocin koyarwa na Nijeriya ya sha nuna cewa fiye da kashi biyu cikin uku na masu sankarar mama sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa hannun likita. Wannan na da alaƙa ta kai tsaye da kuɗi, domin ƙaramin ƙullutu tiyata da ɗan ƙarin magani kan iya isarsa, wanda ya yaɗu kuwa yana buƙatar magani mafi yawa da kwanciya mafi tsawo, ga shi fatan warkewa ya ragu.

An fi ɗora laifin jinkirin a kan jahilci, ana kafa hujja da maganar nan da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura, da masu ɗaukar ciwon a matsayin jifa, da tsoron cire mama. Duk waɗannan suna nan, amma bayanin bai cika ba idan aka tsaya a kansu. Mai maganin gargajiya yana unguwa, yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, yana kuma ba da tabbacin waraka, alhali asibiti na neman kuɗin gwaji tun kafin ya faɗi sunan cutar. Matar da ta ga maƙwabciyarta ta sayar da komai sannan ta rasu tana da dalilin da zai sa ta ja baya, ko da dalilin zai kai ta ga halaka. Akwai kuma jinkirin da ke faruwa bayan an je neman magani: watannin shan maganin ƙurji daga kemis, da jiran sakamakon awo, da jiran layin tiyata. Haka tsada ke haifar da jinkiri, jinkirin kuma ya dawo ya ƙara tsada.

Mai jinya, wadda ba ta cikin lissafi

A asibitocinmu mai jinya rabin ma'aikaci ne. Ita ce ke bin layin biyan kuɗi, ta kai jini ɗakin gwaji, ta fita neman maganin da babu a ciki, ta yi wanki, ta juya mara lafiya da dare. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya ga kayanta: tabarma a naɗe a ƙarƙashin gado, kular abinci, buta, da baƙar leda cike da rasit da takardun gwaji waɗanda ba ta yarda su yi nisa da ita. A nan an yi amfani da kalmar "ita" ne saboda a mafi yawan gidaje mace ce, ko uwa, ko mata, ko ƙanwa, ko babbar 'ya.

Babu mai biyan wannan aiki, amma yana da farashi. Mai sayar da abinci da ta rufe tukunya wata uku ba cinikin wata uku kaɗai ta rasa ba, masu sayenta sun koma wani wuri. Ɗan adaidaita sahu da ke kai mahaifiyarsa asibiti ranar kemo bai yi aiki ba, balas ɗin mai mashin kuma yana jiransa. Ma'aikacin gwamnati yana da albashin da ke shigowa ko yana jinya, amma mafi yawan mutanen Kano 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, waɗanda ranar da ba su fita ba babu abin da zai shigo. Asarar da ta fi daɗewa ita ce ta yarinyar da aka dakatar daga makaranta domin ta riƙe gida da ƙannenta. Ana cewa na ɗan lokaci ne, sai dai da yawa ba sa komawa.

Idan uwa ta rasu, lissafin ya koma kan 'ya'ya. Wani bincike na cibiyar Liyon ya ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai yara kimanin miliyan ɗaya ne a duniya suka rasa iyayensu mata saboda ciwon daji, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku a Afirka suke. Dalili shi ne sankarar mama da ta bakin mahaifa suna kama matanmu a shekarun da suke da ƙananan yara.

Abin da al'umma ke asara

Wani nazari da mujallar JAMA Oncology ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa daga 2020 zuwa 2050 ciwon daji zai jawo wa tattalin arzikin duniya asarar dala tiriliyan 25.2, kwatankwacin harajin kashi 0.55 cikin 100 a kan abin da duniya ke samarwa kowace shekara. Nazarin ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu suke faruwa, amma kasonsu a asarar kuɗin wajen rabi ne kawai. Wannan bai nuna cewa cutar ta fi sauƙi a wurinmu ba. Irin wannan lissafi da abin da mutum ke samarwa na kuɗi yake awo, saboda haka mutuwar mai ƙaramin samu takan fito da araha a takarda, aikin mai jinya da renon marayu kuma ba sa fitowa yadda ya kamata. A ƙasa kuwa asarar a bayyane take: ƙwararren tela ya tafi da sana'arsa da yaran shagonsa, jarin da zai juya a kasuwa ya ƙare a kantin magani, kuɗin waje kuma na fita zuwa asibitocin Alƙahira da Indiya.

Tallafin da ake da shi, da inda ya tsaya

A watan Oktoban 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin rage farashin magungunan kemo tare da wasu ƙungiyoyi da kamfanonin waje, da burin sauƙaƙa farashin har zuwa rabi, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikin asibitoci bakwai na farko. A 2021 aka fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya, inda na Arewa maso Yamma ya kasance na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshora, kuma hukumar na da yarjejeniya da kamfanin magunguna na Roche wadda a cikinta kamfanin ke ɗaukar kashi 50 na kuɗin wasu magungunansa, hukumar kashi 30, mara lafiya mai rajista kashi 20. A matakin jiha akwai hukumar KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya da asusun lafiya na KHETFUND.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage wani nauyi, amma kusan dukkansu a kan kaso na farko suka tsaya, wato kuɗin magani. Rabin farashin maganin da ya ninka sau uku har yanzu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Asusun marasa galihu cutuka uku ya ɗauka, saboda haka mai sankarar hanta, ko ta hanji, ko yaro mai sankarar jini ba ya cikin tsarinsa na farko. Inshora kuma tana amfanar wanda ya riga ya shiga, kuma yawancin tsare-tsarenta an gina su ne a kan cututtukan yau da kullum, suna ɗaukar wani ɓangare na jinyar daji su bar sauran.

Inda masana suka saɓa

Masu ra'ayin farko na cewa tunda kuɗin gwamnati kaɗan ne, a zuba shi a rigakafi da gano cuta da wuri. Hujjarsu tana da ƙarfi. Allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoban 2023, wadda Kano na cikin jihohin farko, sau ɗaya ake yin ta, kuma tana kare yawancin sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe wajen kawar da wannan sankara za ta dawo da dala 3.20. Haka allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ke cikin rigakafin yara tun 2004, da kyautata ajiyar gyaɗa da masara don kauce wa gubar fumfuna, da maganin tsargiya a yankunan noman rani, duk suna rage sankarar hanta da ta mafitsara da kuɗi kaɗan. Raunin wannan ra'ayi shi ne ribarsa sai bayan shekara ashirin ko talatin za a gani, kuma gwajin da zai gano cuta ba tare da hanyar magani ba tashin hankali kawai yake ƙara wa mutum.

Ra'ayi na biyu ya ce a gina cibiyoyi a sayi na'urorin gashi, ko da da haɗin gwiwar 'yan kasuwa ne, irin wanda hukumar zuba jari ta NSIA ta yi da asibitin koyarwa na Legas a 2019. Masu wannan ra'ayi na nuna cewa na'urar da ke da mai kula da ita ba ta yawan tsayawa, kuma kusanto da ita yana kashe kuɗin tafiya da masauki. Masu suka kuma na cewa inda ɗan kasuwa ya sa jari dole farashi ya biya shi, don haka na'ura na iya kasancewa a bayan gidan talaka ba tare da ya iya shiga ɗakinta ba.

Na uku ya ce tushen gyaran shi ne a tara kuɗi wuri ɗaya kafin ciwo ya zo, ta inshora da harajin taba da na lemon kwalba, a kuma ja zakka da wakafi cikin tsarin. Matsalarsa ita ce yadda za a karɓi gudummawa a kai a kai daga 'yan kasuwar Singa da Sabon Gari da ba su da takardar albashi, da kuma yadda za a sa su yarda cewa kuɗin zai yi aiki ranar da suka buƙata. Idan aka auna ukun, na farko ya fi araha, na biyu ya fi gaggawa ga wanda ke kwance yau, amma na biyun ba ya isa ga talaka sai na uku ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da wannan ke nufi ga mutumin Kano

Samun wurin gashi kusa da gida zai rage kaso na biyu na asarar, wato kuɗin mota, masauki da abinci, kuma ga iyalin da da sai sun yi makonni a Abuja wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuɗin magani kuwa zai ci gaba da bin farashin dala muddin daga waje ake kawo shi, kuma adadin masu cutar zai ƙaru, tunda ana hasashen masu kamuwa a duniya za su kai miliyan 35 a shekara nan da 2050, ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma su ne za su fi ganin hauhawar.

Akwai 'yan abubuwan da ke hannun iyali. Wanda aka tabbatar masa da cutar yana da haƙƙin ya nemi likita ya zayyana masa dukkan matakan jinyar tun daga farko, domin a tsara kuɗin zagaye na shida tun kafin a fara na ɗaya, saboda katse kemo a tsakiya yana ɓata abin da aka riga aka kashe. Yana da kyau a tambayi sashen walwalar marasa lafiya na asibiti ko akwai shirin rangwame ko asusun da mutum ya cancanta, a kuma sayi magani a kantin asibiti ko wurin da likita ya amince da shi. Dangi na iya raba kwanakin jinya tsakanin mutum biyu ko uku maimakon a bar wa mace ɗaya ko a cire yarinya daga aji. Mai shirin shiga inshora, ta jiha ko ta tarayya, ya nemi a nuna masa a rubuce abin da tsarin ya ɗauka game da ciwon daji: gwaji, tiyata, kemo zagaye nawa, gashi, da iyakar kuɗin da za a biya masa a shekara.